Zubi Cikin Juyi: Haɗa Ƙarfe da Tangaran a Jiki Ɗaya



Ƙarfe yana jure bugu, yakan lanƙwasa kafin ya karye, amma zafi da guga suna cin sa. Tangaran kuwa bai damu da zafi ba, sai dai bugu ɗaya ya ishe shi. In aka manna su, a mahaɗar suke tsagewa, domin da zafi ya tashi ƙarfe irin alminiyum yakan buɗe kusan ninki biyar na yadda tangaran irin silikon kabaid ke buɗewa. Wannan ya sa a 1984 wasu masana a Sendai ta ƙasar Japan, suna neman bangon jirgin sararin samaniya da zai ɗauki bambancin zafi na digiri 1000 a kaurin da bai kai milimita 10 ba, suka ce a kawar da mahaɗar baki ɗaya: tangaran ya yi yawa a fuska ɗaya, ya riƙa raguwa sannu a hankali har a isa ga ƙarfe. Ni a ganina, cikin hanyoyin cimma wannan, zubi a mazubi mai juyawa ya fi cancanta a ba shi muhimmanci.

Ana narka alminiyum, wanda ke narkewa a digiri 660, a zuba masa garin silikon kabaid, a gauraya, a juye cikin mazubin da ke juyawa da gudu. Kamar dutse a majajjawa, duk abin da ya fi nauyi waje yake nufa. Silikon kabaid yana da giram 3.2 a kowane santimita kubik, alminiyum 2.7, saboda haka ƙwayoyinsa sukan taru a bayan zoben da ake zubawa. In girafayit aka sa, cikin zoben zai koma, don ya fi narkakken ƙarfen sauƙi. Gudun ƙwaya kuma ya dogara ga girmanta: a ninka faɗinta biyu, gudunta ya ninka huɗu. Tafiyar tana tsayawa ne sa'ad da ƙarfen ya daskare, shi ya sa zafin mazubi da saurin sanyi suke yanke hukunci daidai da saurin juyi. Rarrabuwar da masu zubi suka daɗe suna ɗauka aibi, ita ce aka sa wa linzami.

Wani zai ce hanyar ba ta fitar da komai sai zobe da bututu. Haka ne, amma hannun riga na silindar inji da gangar birki da bushi duk zagayayyu ne, kuma guga tana cin su. Sukar da ta fi nauyi ita ce narkakken alminiyum yakan ci silikon kabaid, ya haifar da alminiyum kabaid, mai gautsi, wanda laima ke lalatawa. Maganinsa sananne ne: a ƙara silikon a cikin ƙarfen, kada kuma a bar zafi ya wuce kima. Kumfar iska kuwa, da yake ba ta da nauyi, fuskar ciki take taruwa, sai a fere ta a injin sassaƙa.

Murhu da inji mai juya mazubi da ma'aunin zafi ba su fi ƙarfin sashen injiniya na jami'a ba. Ina roƙon shugabannin sassan nan su sa ɗalibai su zuba zobe, su yanka shi, su auna taurinsa daga baya zuwa ciki, su buga sakamakon.