Kula da Itatuwa da Lambun Gida Bayan Ɗaukewar Ruwa



A birnin Bauci ruwan sama yakan sauka wajen watan Mayu, ya yi ƙarfi cikin Agusta, ya ɗauke cikin Oktoba. Daga nan sai a yi wata shida ko fiye ƙasa ba ta jiƙa ba. Kowace damina akan dasa itatuwa a makarantu da ƙofofin gidaje, tun daga Wunti har Yalwa, amma wanda ya zaga cikin Afirilu zai iske da yawansu sun zama busassun sanduna. Galibi ba laifin iri ba ne. An dasa ne, aka juya baya.

Wannan hasara ba ƙarama ba ce. Dattawa ba su manta da farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ba, kuma Jihar Bauci tana cikin jihohi 11 na arewa da aka sa a shirin kafa katangar itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Itacen da ke ƙofar gida kuwa, mai gida ne kaɗai zai raya shi, kuma da kaka aikin yake farawa.

Dalili shi ne, da kaka akwai sauran laima a can ƙasa. Idan mutum yana yayyafa wa ɗan mangwaro ko darbejiya ruwa kaɗan kullum, saiwoyin sai su tsaya a sama suna jiran abin da aka saba ba su. Ran da zafin Maris ya ƙona fuskar ƙasa, su ma sai su ƙone. Abin da ya kamata shi ne a tayar da ɗan kunya kewaye da gindin, a zuba cikakken bokiti sau biyu a mako, da yamma, ruwan ya nutse sosai, saiwa ta bi shi. Sa'an nan a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, domin iskar hunturu tana saurin shanye laima. Amma lalle a bar tazara kamar faɗin tafin hannu tsakanin ciyawar da jikin itacen, in ba haka ba gara za ta sami hanya.

Inda ruwa ke wuya, watau kusan ko'ina idan rijiyoyi sun ja baya, sai a binne tulun ƙasa kusa da itacen, bakinsa a waje, a cika shi, a rufe don sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali har kwanaki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna da amfani. Mai sabulu da yawa ne ba a so.

Da an kawar da amfanin gona akan saki dabbobi, akuya kuwa ba ta ƙyale ɗanyen ganye. A yi shinge na ƙaya ko na kara tun kafin ta gano wurin. Ganyen da aka share daga tsakar gida kada a cinna masa wuta, don gobarar hunturu ba ta da wuyar tashi. A tara shi cikin rami tare da toka da kashin awaki, a riƙa jiƙawa, ya zama taki.

Sabon dashen itace gara a jira damina, sai fa ga mai ruwa a wadace. Abin da ake shukawa da kaka shi ne kayan lambu: tumatir, albasa, kabeji, latas da karas, waɗanda suke son sanyin dare. A yafa irin tumatir a ɗan fangali cikin Oktoba, a dasa bayan kamar mako 4. Albasa takan ɗan fi haka daɗewa. Karas ba ya son dashe, a shuka shi inda zai zauna. Wanda ya yi jinkiri har Janairu, tumatirinsa zai yi fure ne daidai shigowar bazara, furen kuma ya kakkaɓe saboda zafi kafin ya ɗaura 'ya'ya.