Jawabin Babban Baƙo a Bikin Buɗe Ɗakin Gwaje-gwajen Ilimin Halittu, Liman Abaji, Keffi



Wakilin Mai Martaba Sarkin Keffi, Allah ya ja zamanin Sarki, iyayen ƙasa da masu unguwanni na gundumar Liman Abaji, wakilan Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Nasarawa, shugaban wannan makaranta da mataimakansa, limamai da sauran shugabannin addini, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, 'yan'uwana malamai, iyayenmu mata da suka baro hidimar gida suka zo, sannan ku 'ya'yana ɗalibai, waɗanda dominku aka yi wannan taro. 

An ba ni dama in ce wani abu ne saboda na daɗe ina riƙe da alli a ajin ilimin halittu, wato Bayoloji. Na zaga ɗakin tun da hantsi. Na ga tebura da famfo, na ga madubin hangen ƙananan halittu a jere, na ga kwalabe da ƙwarangwal ɗin roba yana tsaye a kusurwa. Waɗanda suka ba da kuɗi, da waɗanda suka ba da bulo ko yashi ko guminsu, Allah ya saka muku da alheri, ya sa a mizani.

Bayan godiya, ga abin da ya tsaya mini a rai. Na san makarantu da dama da aka yi wa irin wannan ɗaki, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hotuna, sannan aka garƙame da kwaɗo. Ba a sake buɗewa sai hukumar WAEC ko NECO ta aiko wa malami da jerin abubuwan da za a tanada don jarrabawar gwaji. Sai a share yanar gizo-gizo, a shigo da 'yan aji uku na babbar sakandare, waɗanda hannunsu bai taɓa riƙe gilashin gwaji ba, a ce cikin mako biyu su zama gwanaye. Yaro ya haddace cewa ƙwaro ƙafa shida gare shi, amma a ajiye masa fara a gabansa a ce ya zana ya nuna sassanta, sai hannu ya kama rawa. Laifin ba nasa ba ne. Roƙona na farko ga shugaban makaranta shi ne, tun daga zangon farko na aji ɗaya, kowane aji ya samu darasi biyu a haɗe a cikin ɗakin nan kowane mako, a rubuta a jadawali yadda ba mai iya sokewa don sharar fili ko atisayen fareti.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma tarihin wannan fanni duka shaida ne a kan haka. A shekarar 1665 wani Bature a Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon itace siriri ya sa a ƙarƙashin madubi, ya ga ƙananan ɗakuna a jere. Daga nan maganar ƙwayar halitta ta faro. Bayansa kaɗan, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda bai yi jami'a ba, ya goge gilashi da hannunsa, ya duba ɗigon ruwa, ya ga halittu suna iyo a ciki. Madubin da ke kan teburinku a yau ya fi na Hooke nesa ba kusa ba. Ku ɓare fatar albasa mai shara-shara, ku ɗiga mata aidin, ku leƙa. Ranar da yaro ya ga wannan da idonsa, zanen da ke cikin littafi ya daina zama almara a gare shi.

Malamai 'yan'uwana, na san abin da za ku ce: kayan aiki tsada gare su, kuɗin gudanarwa ba ya isowa a kan lokaci. Gaskiya ne. To amma a cikin darussan kimiyya babu wanda kayan aikinsa suke zube a ƙasa kamar namu. Doyar da jiharmu ta yi suna da ita, a fere ta, a fafe cikinta kamar ƙoƙo, a zuba ruwan sukari mai kauri, a dasa ta a cikin kwanon ruwa. Kafin a tashi daga makaranta ruwan cikinta ya hau. A yi haka da dafaffiyar doya a gefe, ba abin da zai motsa, domin wuta ta kashe ƙwayoyin. Ga osimosis nan, ba a kashe kuɗin da ya kai na katin waya ba. Wake da masara a jiƙaƙƙiyar auduga za su nuna wa yaro bambancin tsirowa: wake yana ɗago ɓarinsa biyu sama da ƙasa, masara kuwa ƙwayarta tana zama a binne. Furen kuɓewa ko na zoɓo ya isa a tsaga a ga sashen namiji da na mace. Ruwan zoɓon ma, a sa masa kanwa ya rikiɗe daga ja ya koma kore-kore, a matsa masa lemon tsami ya dawo ja. Iyayenmu mata da ke zaune a nan sun riga mu sanin wannan a madafi. Mu dai bayanin dalili muka ƙara.

A tuge gyaɗa ko wake a gonar makaranta, a wanke saiwar, a nuna wa yara ƙulle-ƙullen da ke jikinta, a gaya musu cewa a ciki akwai ƙwayoyin bakteriya masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Ɗan manomi zai gane nan take abin da ya sa kakansa ke haɗa dawa da wake a kunya guda. A kai su gonar dawa su ga yadda wuta-wuta ke manne wa saiwa tana tsotse ta. A je kwata da sassafe a roƙi mahauta zuciyar akuya da huhu da ƙoda. Mahautan Keffi ba za su hana makarantar 'ya'yansu ba.

Inda nake so in ɗan daɗe shi ne batun lafiya, domin a nan ne darasin ke bin yaro har gida. A ɗebo ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya ko kwatami, a zuba a kwalba, a rufe da gidan sauro. Yara za su ga tsutsotsin suna wutsil-wutsil. Su lura da kyau: masu kwanciya miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa su ne na sauron Anofilis, wanda macensa ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, masu rataye kai ƙasa wani jinsi ne daban. Cikin 'yan kwanaki za su ga sauro ya fito da fiffike a cikin kwalbar. A 1897 ne Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya tsaga cikin sauro ya ga ƙwayar cutar. Yaron da ya reni sauro a kwalba ba sai an yi masa wa'azin kife gwangwani a tsakar gida ba. Haka in an je bakin kogin Antau, a nuna musu irin katantanwar ruwa, a bayyana musu yadda tsutsar tsargiya ke girma a jikin wasu daga cikinsu, ta fito ta huda fatar mai wanka. Har yanzu akwai inda ake ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ga ɗa namiji. Ɗalibin wannan ɗaki ne zai koma unguwa ya ce a'a, cuta ce, kuma tana da magani a asibiti.

Dattawan da ke nan sun san kurkunu, sun san yadda take kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Ƙidayar da aka yi a 1988 ta samu mutum fiye da 650,000 da ita a Nijeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar nan ta rabu da ita. Ba allurar rigakafi aka yi ba, domin babu ita. An dai gane cewa wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa ne ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, aka koya wa mutane tace ruwan sha da ƙyalle, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka a kan wannan aiki tare da Cibiyar Carter. Abin da aka yaƙi kurkunu da shi bai wuce darasin zagayen rayuwar tsutsa da ke cikin manhajarku ba.

Sai gado. Gregor Mendel ya yi shekaru yana haɗa auren shukokin wani nau'in wake a lambun gidan ibada a garin Brno, yana ƙirga abin da ya fito, ya buga sakamakonsa a 1866, ba wanda ya kula sai a 1900, bayan ya rasu. Ku ma ku ƙirga. A samo jaka biyu, kowace a zuba farin wake da jan wake daidai wa daida. Jaka ɗaya uwa, ɗaya uba, dukansu masu jinin AS. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya zaro ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can, a rubuta, a mayar, a sake. In an tara na aji duka, za a ga ja da ja, wato SS, ya fito kusan sau ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi muhimmanci, za su ga wani ya zaro ja da ja sau uku a jere, wani bai zaro ko sau ɗaya ba. Nan za su gane cewa kowane ciki da nasa lissafin, haihuwar mai amosanin jini ɗaya ba ta kare na bayansa. Waɗannan yara nan da 'yan shekaru za su yi aure. A yi gwajin jini kafin a sa rana, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan cikin gari.

Gargaɗi kaɗan. Kada a tsaga ɓeran da aka kamo daga gida ko rumbu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, kuma jiharmu ba baƙuwarsa ba ce. Kada a huda yatsan ɗalibi don neman jini a aji. Sifirit ɗin da ake cire koren ganye da shi kafin gwajin sitati, a ɗumama shi cikin ruwan zafi, kada ya kusanci harshen wuta. A rufe madubai daga ƙurar hunturu, a ajiye su inda ba laima da damina, domin fumfuna na cin gilashi. Kuma a nemi ma'aikaci guda wanda kula da ɗakin nan ne kaɗai aikinsa.

Ga ƙungiyar iyaye da malamai: gini sau ɗaya ake yi, amma aidin yana ƙarewa, gilashi yana fashewa. A ware wani abu kowane zango, komai ƙanƙantarsa. In yaro ya fasa kwalba bisa kuskure, kada a ci shi tarar da za ta sa gobe ya noƙe hannu. Malamai kuma, a lura da wani abu da na sha gani: maza su mamaye madubi, 'yan mata su koma masu rubuta sakamako da wanke kwalabe. A raba aiki bi-da-bi. Ɗakunan haihuwa na asibitocinmu suna jiran likitoci mata da ungozomomi, daga waɗannan kujeru za su fito.

'Ya'yana, garinku ba baƙon ilimi ba ne. Kwalejin Gwamnati ta Keffi tun 1949 aka kafa ta. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a can ya yi sakandare daga 1965 zuwa 1969, ya karanci koyarwa da ilimin sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello, ya koyar da kimiyya kafin ya zama gwamnan Katsina, sannan shugaban ƙasa a 2007. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa a bayan gidanku, ba sai kun hau motar Zariya ko ta Jos ba. Ku sayi fensir mai tsini da littafin zane. Ku zana abin da kuka gani, ko da ya saɓa wa hoton littafi, sannan ku tambayi malam dalili. In kara ya fito muku da jijiyoyi a warwatse alhali littafi ya nuna su a da'ira, wataƙila masara kuka yanka, littafin kuma wake yake nufi.

Na ga malamin fannin ya riga ya jera albasa da aidin a kan tebur, ga kuma 'yan aji ɗaya sanye da fararen riguna suna jira. Ina roƙon iyayenmu, maza da mata, in an buɗe ƙofa kada kowa ya tafi sai ya sa ido a madubin nan. Allah ya sa albarka a ɗakin da masu shigarsa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ranka ya daɗe, wakilin Mai Martaba, ga almakashi. Bismillah.