Zaure Ɗaya, Ɗakuna Da Yawa: Lacca Kan Raba Nauyin Sabar



Kowa a nan Bangui ya san fatoma. Baƙo ya iso da kayansa, ya yi sallama a zaure ɗaya, fatoma ya zaɓa masa ɗaki. Aikin na'urar raba nauyi ke nan. A cikinta ake kafa abin da zan kira sabar zaure: adireshin IP guda da lambar ƙofa, galibi 443 idan shafin mai tsaro ne. Zauren ba ya ajiye komai, sabobin gaske suna bayansa a rukuni. Mai saitawa ne zai yanke yadda za a raba baƙi, ko bi da bi, ko a tura wa wadda hannunta ya fi sauƙi. Shi ne kuma zai sa wanda ya fara ciniki da sabar ɗaya ya ƙarasa da ita, kada lissafinsa ya ɓace a tsakiya.

Amma a Bangui saitin da ya fi kowane nauyi shi ne duba lafiya. Duk bayan 'yan daƙiƙu na'urar takan ƙwanƙwasa wa kowace sabar, wadda ta yi shiru sau uku, alal misali, a daina aika mata kowa. Da yawa sukan tsaya ga tambayar ko ƙofar a buɗe take, alhali sabar na iya amsa sallama rumbun bayananta a mace. A nemi shafi na gaske, a karanta amsar.

Wani zai ce wannan sha'anin manyan kamfanoni ne masu miliyoyin baƙi, ina ruwan asibitin unguwa ko ƙungiyar 'yan kasuwa? Ai damuwarmu ba cunkoso ba ce, yankewa ce. Wutar kamfanin Enerca tana tahowa ne daga Boali, kusan kilomita 100 daga nan, kuma kowa ya san yadda ake ɗauke ta unguwa-unguwa. Igiyar intanet da aka ƙaddamar a 2023, wadda ta haɗa ƙasar da Kamaru da Kwango, ta kawo sauri, ba ta kawo wuta ba. Batun tsada ma bai tsaya ba: manhajar raba nauyi ta HAProxy kyauta ce, haka ma Linux Virtual Server da Wensong Zhang ya fara a 1998.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne: idan fatoman kansa ya kwanta fa? Gaskiya ne, shi ya sa ake kafa na'ura biyu masu riƙe adireshi ɗaya ta tsarin VRRP, ɗaya ta faɗi ɗaya ta karɓa. Sai dai in duka biyun suna kan soket ɗaya da janareto ɗaya, tare za su mutu. A ba ta biyun batirinta da farantin hasken rana nata, layinta na intanet kuma ya fito daga wani kamfanin dabam, ɗaya Orange, ɗaya Telecel ko Moov.