Kasuwar Amurka da Gyaɗar Ƙasar Karaye

 Yanzu da Allah ya sa kun iya karatu, ina so in ba ku labarin wata ƙasa mai nisa, watau Amurka, da abin da ya auku cikinta a shekarar 1929. Watakila wani ya ce, ina ruwan manomin Yammedi da Amurka? To, ya yi haƙuri ya saurara, gama abin da ya faru can sai da ya shigo har cikin rumbun kakanninku.

Ku sani jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun yi tsammani auduga zai riƙa ɗauka, har suka rarraba irin nan da a ke kira Alan, wanda asalinsa daga Amurka ne. Amma a 1912 manoman Kano suka duba, suka ga gyaɗa ta fi riba, in kuwa ba ta sayu ba a ci ta a gida. Sai suka rungume ta. Tun daga sa'an nan ba a kasuwar Karaye a ke yanka kuɗin gyaɗa da auduga ba, ba kuwa a Kano ba, sai a manyan kasuwannin ƙetare. Mai sikeli, abin da aka bugo wa kamfaninsa a waya shi ya ke biya.

A birnin Niyu Yok akwai wata kasuwa wadda ba a sayar da hatsi ko tufa cikinta, sai takardu. Kowace takarda shaida ce mai ita yana da rabo cikin wani kamfani, shi ne hannun jari. Shekara da shekaru kuɗin takardun nan yana ta hawa, har mutane suka shiga cin bashi suna saye, kowa yana zaton gobe ya sayar da riba. Cikin watan Oktoba na 1929 sai kuɗin ya karye. Kowa ya fito zai sayar, ba mai saye. Masu bin bashi suka taso, bankuna suka riƙa rufewa da ajiyar mutane a ciki, har wajen dubu tara cikin shekara huɗu. Ma'aikatu suka tsaya. Kafin 1933, cikin kowane ma'aikaci huɗu ɗaya ba shi da aiki. Audugar da a ke saye wajen santi 18 a 1929 ta komo wajen santi 6 a 1932.

Wanda ba shi da aiki ba ya sayen riga, ba ya sayen sabulu. Da ciwon ya ƙetara Turai, sai kamfanonin da ke matse gyaɗarmu su yi mai da sabulu suka rage kuɗi. Tan ɗin gyaɗa, wanda a shekarun baya ya kan wuce fam 10 a Kano, a 1934 bai kai fam 3 ba. Wannan a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero ne. Haraji kuwa da jangali da tsabar kuɗi a ke biyansu, dagaci ba ya karɓar uzurin Niyu Yok. Ga kuma fara ta sauko a shekarun. Me manomi zai yi? Sai ya ƙara faɗin gonar gyaɗa, don ya haɗa da buhu uku abin da dā buhu ɗaya ke biya. Kowa ya yi haka, gyaɗa ta yi yawa, mai saye ya ƙara samun ƙarfi. Wanda ya rage gonar dawa don gyaɗa kuwa, a tsakiyar damina ya kan gane kurensa.

Mu koma Amurka. Shugabansu na lokacin, Huba, ra'ayinsa shi ne kada Gwamnati ta tsoma hannu da yawa cikin sha'anin kasuwa. Jama'a suka gaji, a zaɓen 1932 suka kā da shi, suka ɗora Faranklin Ruzbelt. Ya hau ran 4 ga Maris 1933, bayan kwana biyu ya rufe bankunan ƙasar duka, aka bincike su, masu ƙarfi kaɗai aka bari suka buɗe. Aka kuma yi doka Gwamnati ta tsaya wa ajiyar talaka, ko banki ya mutu a biya shi.

Abin da ya yi wa manoma shi na fi so ku lura da shi. Ya ce tun da yawan kaya ne ya kashe kasuwa, sai a rage kaya. Cikin watan Mayu na 1933 aka yi doka, Gwamnati ta riƙa biyan manomi don ya bar wani yanki na gonarsa ba shuka. Amma an riga an shuka auduga a shekarar, saboda haka aka sa garma aka birkice eka wajen miliyan 10, ga ta ta yi kyau. An ce har alfadarai suka riƙa turjewa, don an horar da su kada su taka kunya. Aka kuma yanka aladu wajen miliyan 6, alhali ga mutane a birane suna layin abinci. Kuɗin auduga lalle ya tashi. Sai dai a hannun mai ƙasa a ke zuba kuɗin Gwamnati, su kuwa masu noman raba daidai, da yawansu baƙar fata ne jikokin bayi, sai aka sallami da dama cikinsu, don ba sauran gonar da za su noma.

A 1936 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta wuce ikon da tsarin mulkinsu ya ba Gwamnati, ta soke ta. Ruzbelt ya husata, a 1937 ya nemi ƙara alƙalai har shida don ya sami rinjaye. Majalisa ta ƙi, har da mutanen jam'iyyarsa. A ganina nan sun yi daidai, ko da ya ke niyyarsa ta taimako ce. A 1938 aka sāke dokar ta wata hanya, ta zauna. Sau huɗu aka zaɓe shi, ya rasu a kan mulki a 1945, kana a 1951 suka rubuta kada a ƙara zaɓen shugaba fiye da sau biyu.

A nan ƙasarmu Gwamnati ba ta shiga cinikin gyaɗa sosai ba sai da yaƙin Hitila ya matsa wa Ingila da bukatar mai. A 1942 wata hukuma ta Afirka ta Yamma ta karɓe sayen, a 1949 aka kafa hukumar gyaɗa da ta auduga na Nijeriya, a 1954 suka koma hannun Jihar Arewa. Kafin a buɗe ciniki sai a yi shelar kuɗin tan, kamfanoni da attajirai irin su Alhassan Ɗantata su saya da lasin. Dalar gyaɗa da ku ke ji a Kano, buhuna ne da ke jiran jirgi.

Alkawarin da aka yi shi ne, in kasuwar waje ta yi kyau hukuma ta ajiye rara, in ta faɗi ta cika wa manomi, kada irin ta 1934 ta sāke aukuwa. Manomi ya san kuɗinsa tun kafin ya ɗaura wa jaki kaya, wannan amfani ne, kada a raina shi. Amma shekaru da yawa abin da a ke ba shi bai kai na kasuwar waje ba, rarar kuwa ta tafi ga ayyukan Gwamnati, hanyoyi da makarantu da binciken iri a Samaru, wani kuma ya zurare inda ba a faɗa. Ku duba bambancin. A Amurka daga baitulmali a ke ɗiba a ba manomi, gama yana da ƙuri'a tun a 1932, 'yan majalisa na tsoronsa. A nan daga buhun manomi aka riƙa ɗiba a kai baitulmali, an kuwa tsara abin tun ba a fara tambayarsa ba.

Fari ya zo a 1973, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo a 1975, kuɗin fetur kuma ya ɗauke hankalin Gwamnati, dala ta ɓace daga Kano. A 1986, zamanin Janar Babangida, aka rushe hukumomin ciniki duka, aka bar manomin Karaye da Rogo ya yi cinikinsa da ɗan kasuwa baki da baki.