Saurin Inzali: Yadda Likita Ke Gane Shi



Zancenmu na yau yana cikin waɗanda kunya ta hana Bahaushe kiran sunansu. Magidanci yakan ce wa likita yana da sanyi, ko basir, ko raunin maza, alhali kuwa abin da ke damunsa saurin inzali ne. Wannan larura ba a ganinta a hoto ko a gwajin jini. Da tambaya ake gane ta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya ta farko ita ce lokaci. Cikin 2005, Marcel Waldinger da abokan aikinsa suka sa ma'aurata ɗari biyar a ƙasashe biyar su auna da agogo, suka sami matsakaicin lokaci bai kai minti shida ba. Saboda haka da yawa daga masu kuka lafiyarsu lau, hirar majalisa ce ta ruɗe su.

Cikin 2014, ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta kasa larurar gida biyu. Akwai wanda tun saduwarsa ta farko ba ya wuce kimanin minti ɗaya. Akwai kuma wanda da lafiyarsa, daga baya lokacin ya ragu zuwa minti uku ko ƙasa. Amma lokaci kaɗai bai isa hujja ba, sai an haɗa da abu biyu, watau kasa riƙewa, da damuwar da har takan sa mutum ya guji iyalinsa.

Amfanin wannan rabo shi ne, na biyun yakan zama alamar wata cuta. Sai likita ya bincika ko gaba na saurin kwanciya, domin mai tsoron haka yakan yi gaggawa. Sa'an nan ya duba kumburi a ƙasan mafitsara, da yawan aikin halittar nan ta wuya mai zama maƙoƙo, da fargaba, da zaman gidan. In matar ta yarda, jin ta bakinta yana da amfani ƙwarai.

Wanda ya tsallake wannan bincike ya nufi mai tallar maganin maza, ko ya kama shan Tramadol, yana iya sayen jaraba da kuɗinsa, cutar asali kuwa tana nan. Aure da yawa sun mutu a kan abin da ke da magani. Don haka ɗalibanmu na likita su koyi tambaya da Hausa mai ladabi, magidanta kuma su kira abu da sunansa.