Ba Tuwon Yaro Aka Zo Ragewa Ba

Jami'ar lafiya ba ta ɓata lokaci wajen lissafa amfanin motsa jiki ba. Raɗe-raɗi ne ya kawo ta ƙofar gidan mai unguwa a wani lungu na birnin Kano: wai awon da ake wa yara a firamare, da guje-gujen safe, dabara ce ta ramar da 'ya'yan mutane. Tuni wasu iyaye suka hana nasu fita fili.

Ta gaida mai unguwa da "ranka ya daɗe", ta juya wajen mata tana kiransu iyayena. Ta ce ta san tushen tsoron. Uwar da ta taɓa bin layin asibiti da ɗa mai tamowa, in ta ga ƙanensa ya yi ɓul-ɓul, hamdala take yi. Amma wa ya ce a rage wa yaro tuwo? Ta faɗa, ta maimaita, har muryarta ta fara tashi. A wajen awon, ƙafa ake dubawa: ya iya gudu, ya iya tsalle ya dira daidai, ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya?

A nan ne ake barin yaro mai ƙiba a baya, fiye da wajen jifa da cafewa. Nauyi ya kayar da shi a langa, a yi masa dariya, gobe ya ƙi shiga, jikin ya ƙara nauyi. A wata makaranta, in ji ta, ta tarar da yaron da kullum shi ne gola. Malamai sun ɗauka sha'awa ce, ashe gudu yake tsoro.

Wani dattijo ya ce su babu wanda ya koya musu langa. Ta ce gaskiya ne Baba, amma kuna da dandali. Yanzu an gine shi, adaidaita sahu ta cinye lungu, waya ta cinye yamma. Ta roƙe su, don Allah, su bar yaran su fita.

Sauran bayanin a gurguje ta yi shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390, 'yan shekara 5 zuwa 19, nauyinsu ya wuce ƙima, kuma tana so kowane yaro ya samu awa ɗaya na motsa jiki kullum. Tsallen igiya da gaɗa da ƙwallo duk sun shiga lissafi. A rage lemon kwalba. Wanda bai yarda ba ya zo makaranta ya tsaya a kan awon ɗansa.