Miliyan ɗaya: mutum nawa za su raba ta daidai?

Hirar yau taku ce, 'yan uwa masu kai albasar Galmi da dabbobi Abijan, ku yi ciniki a Adjamé ko kasuwar Treichville, sannan ku zauna rabon kuɗi.

Mu ɗauki miliyan ɗaya ta sefa, 1,000,000. Jika dubu ke nan, ko dala 200,000, tunda dala sefa biyar ce. In takardun jika goma ne, guda 100 cif.

Lambobi 2 da 5 kaɗai suka gina miliyan: ka ninka 10 sau shida, kowane 10 kuma 2 ne sau 5. Shi ya sa mutum 2, 4, 5, 8, 10, 16 ko 25 za su raba ta ba saura. Amma mutum 3 ko 7, ina! Ku uku, kowa zai ɗauki 333,330, dala biyu ta yi saura.

Ga dabara: tara alƙaluman kuɗin. In jimillar ta rabu da 3, kuɗin ma za su rabu. 1,200,000 jimillarsa 3, kowa 400,000.

To, ku daidaita kan saura tun kafin a buɗe jaka, kada dala biyu ta ɓata zumunci. Allah ya ba da kasuwa.